Yauƙi

A Magazin ta Suwame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta ja ce,
nan Baba Sallau ya yi shekara arba'in
yana sauraron ciwon injuna.
Ba ya karanta rubutun jikin galan.
Yatsa biyu ne alƙalansa: ya tsoma, ya murza,
ya raba su a hankali yana kallon zaren da ya miƙe.
In zaren ya jima, ya gyaɗa kai.
In ya yanke nan take, ya ce,
"Koko ne wannan, a kai wa mai ƙosai."

Ni ce ta ukunsa, wadda aka tura boko.
Shekara huɗu ina bin torotoro daga Aboabo zuwa jami'a,
na dawo da kalma ɗaya a baki: folima.
Na ce, Baba, cikin man nan akwai zare,
dogaye, ido ba ya kama su.
Da asuba, inji na sanyi, sai su dunƙule kamar bushiya,
su ba mai hanya ya wuce da gudu.
Rana ta take, fistin na haki a cunkoson Kejetiya,
mai na neman zama ruwa,
sai su warware, su miƙe ƙafa, su kama juna,
su ce wa mai: tsaya, da sauran aiki.

Ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun dauɗa.
"To, kuɓewa ke nan.
Duk kuɗin makarantar nan na kuɓewa na biya?
Uwarki ta san wannan, ba ta taɓa riƙe biro ba."
Dariyar yaransa ta fito daga ƙarƙashin wata tifa.

Sai da aka yi isha'i, muna tsakar gida,
ya tambaya bai dube ni ba: "Zaren nan, yana mutuwa?"
Na ce yana yi.
Haƙoran ƙarfe na tauna shi, ringi na yanka shi,
mil bayan mil,
dogo ya koma gajere, gajere ya koma babu.
Zare ya tsinke, mai ya tsinke.
Ya ce, "Kalma ɗaya ce ai. Hausa ta riga ku."

A daminar nan Kwabena Ofori ya sayi mai a bakin titi,
galan sabo, murfi da hatimi, ragin sidi talatin.
Motarsa ta buga a hanyar Taciman
da kwando sittin na tumatir a baya.
Baba ya buɗe injin, ya shafa zanen da ƙarfe ya yi wa ƙarfe,
bai yi faɗa ba.
Wata biyu muna cin ladan aikin a miya.

Bara hannun daman ya daina rufewa.
Sifanansa na rataye a ƙusa, yaran sun raba kwastomomi.
Ina duban hannun, ina lissafi:
kuɗin haya, gobarar rumfa, jinyar Inna,
rigimar Fusaini da Mumuni kan fili.
Duk ranar da gidanmu ya ɗau zafi
wani ne ya miƙe a tsakani
don kada ƙarfe ya ci ƙarfe.
Ba wanda ya taɓa zaro sanda ya duba saura nawa.

Yanzu ran Asabar nakan zo masa da gwajin mako
a gwangwanin madara.
Na'urata ta riga ta ba ni lamba, har da ɗigo.
Duk da haka ina tsoma yatsansa,
in danna babban a kai da hannuna,
in raba su a hankali.
Zaren ya miƙe tsakaninsu, siriri, yana rawa.
Ya kalle shi har ya yanke.
Da rabin bakin da ya rage masa ya ce,
"Lantana, ƙara kuɓewa."