Taku Hamsin a Ramin Farar Ƙasa

Da hantsi muka iso bayan Ƙanƙara,
ni da igiya, Malama Hinde da littafi,
wurin da aka shekara tara ana kwasa
har tudu ya koma rami,
ramin kuma bara waccan aka cike shi
da ɓaraguzai da taki da baƙar ƙasa.

Ta miƙo mini katako mai kusurwa huɗu,
kamu biyu kowane gefe,
kamar tagar da aka ciro daga ɗaki.
Ta ce, "Rabe, juya baya ka jefa.
Ido ɗan son kai ne,
in ka bi shi, wurin kore kaɗai zai kai ka
ya ce maka aiki ya isa."

Na jefa.
Ya faɗi inda ban so ba:
tsakuwa, ƙarangiya uku,
tumfafiya ɗaya mai ganye biyu,
sai kashin awaki.
Na ce, in sake? Ta ce, a'a, durƙusa,
faɗi abin da ka gani,
ko da fili ne fetal da rana ta gasa.

Sai igiya. Muka ja ta gabas,
kowane taku in soka tsinken ƙarfe
in kira sunan abin da ya taɓa.
Kyasuwa. Fili. Fili. Harƙiya.
Dutse. Busasshen ganye. Fili.
Gamba, ita ba a yi mata guɗa,
a buhu muka kawo ta, mu muka zaunar da ita.
Wadda ake jira ita ce mai zuwa da ƙafarta
ba goron gayyata,
irin su yaɗiya da tafasa.

Baba Jari ya dogara da sanda yana kallo.
"Mi kuke biɗa, allura ta ɓace?"
Muka ce ciyawa muke ƙirgawa.
Ya yi dariya har tumaki suka ɗaga kai.
"Ni mudun awona daban.
Ran da gara ta ta da shuri a nan,
ran da tunkiyata ta duƙa ba ta wuce ba,
ran nan ƙasa ta huce."
Malama ba ta ja da shi ba,
a gefen shafi ta rubuta maganarsa.

Ba a sanin ramar mai jinya
sai an tuna jikinsa na da.
Wuri ɗaya ya rage da diga ba ta ci ba,
gefen maƙabarta.
Can ubana yake, Kado,
wanda kullum ya fito ramin nan fari fat
kamar an tsoma shi a gari,
har tari ya karɓi digar daga hannunsa.

Na yi sallama, na juya baya, na jefa.
Kalgo, geza, burburwa, nonon kurciya,
na yi ta kira, tana rubutawa,
iri goma sha bakwai.
A rami kuwa shida.
Bara huɗu ne, in ji littafi.
Ban san ko murna ake yi wa biyu ba,
na tambaya, ba ta ba ni amsa.

La'asar, ina naɗe igiya,
a taku na arba'in da ɗaya
na gan ta:
sabara, tsawon ɗan yatsa,
ganyenta toka-toka, ba wanda ya shuka ta.
Tsinke ya kuskure ta da faɗin tafi,
don haka ba ta cikin lissafi.
Doka ce, na sani.
Duk da haka na karyo ƙayar bagaruwa
na kewaye ta saboda kofato.
Malama Hinde ta gani sarai,
sai ta shiga laluben murfin biro
tana duban hadarin da ke haɗuwa can nesa.