Zazzaɓin Tambaya

Ƙarfe huɗu na asuba a Hamilton, jihar Montana,
ƙanƙara ta toshe bakin titi.
Ni ina ciki, riga kan riga, safar hannu biyu,
numfashina na dawo mini ta cikin takunkumi
kamar wata ce ke tsaye a baya.

A gabana faranti mai rijiya casa'in da shida,
kowace bakinta bai fi ƙwayar wake ba.
Nan na sauki baƙuwar
da masu binciken farko suka rasa sunan ciwonta,
suka ba shi harafi ɗaya tak,
Q, wai tambaya.

Mai jinin ban san fuskarsa ba.
Lamba ce a jikin kwalba, da layi biyu a takarda:
makiyayi, shekara sittin da ɗaya,
ya karɓi haihuwa a garke cikin sanyin bara,
ya shaƙi ƙurar ciyawa,
yanzu ƙofar zuciyarsa na yoyo.
Wa zai ce ajali na iya fakewa a mahaifar tunkiya?

Ita wannan ƙwaya ba ta gudun mai cinye ta.
Sojan jini ya haɗiye ta, ta ce madalla,
ta share ɗaki a tsakiyar tsamin cikinsa,
ta yi shimfiɗa, ta hayayyafa.
Magani ya zo ƙofa, tsami ya karya masa gwiwa,
ya koma da kunya.

Na ɗiga doksi, layi bayan layi,
rabi, rabin rabi, rabin wancan,
har ya zama sunan magani kawai a ruwa.
A layin ƙasa na haɗa shi da ƙanwar kulorokwin,
mai ɗacin nan da ya sa ni susa ina 'yar firamare.
Aikinta aikin kanwa ne:
Inna takan jefa ƙulli ɗaya a tukunya,
tsami ya kwanta.
Ashe ilimin ya riga ni zuwa nan tun daga murhu da miya.

Sai jira.
Kwana bakwai ba ta ce uffan ba,
ba ta sauri, ba ta da inda za ta.
Yau na'ura ta zana layinta, ya sunkuya ƙasa.
Na buga gilashi na kira Lorna.
Ta duba, ta daɗe, ta ɗaga yatsa uku:
a sake sau uku.
Gani ɗaya a ɗakin nan bai zama gaskiya.

Na wanke hannu har fata ta yi fari,
na fito, duwatsu sun fara ja.
Sai na tuna shekarar da awakinmu suka yi ta ɓari,
Gwaggo Tabawa ta kwanta wata uku,
aka ce maleriya, aka ce taifot,
aka ce sammu.
Ita ce mai kwashe mahaifa da hannu.
Ba wanda ya ɗebi jininta.
Ba wanda ya dubi akuya.