Ɗigo Uku

Mushe Illiyasu ya tsinci wasiƙata kan tabarma,
ƙofar gidanmu a Birni,
ya zaro jan bik kamar mahauci:
"Tsahara, ɗigon nan uku-uku, kashin awaki ne?
Ina aya? Waƙafi kuma ya je inda ba a aike shi ba."

Mushe, kai ka koya mini aya, ban manta ba.
Amma bakin ba nawa ba ne.
Baba ke faɗa, ni hannu ce kawai,
zuwa ga Lawali can Arlit,
damina huɗu bai taka Damagaram ba.

Inda na sa waƙafi, tari ne ya tare shi.
Inda ka ga uku a jere,
nan ya ce "gaya masa gonar ..."
ya dubi duwatsu har shayi ya huce.
Aya sakata ce. Shi bai rufe ƙofa ba.

Lawali bai gama lakwal ba
amma ya san numfashin ubansa.
Amsarsa ta zo a motar Laraba, layi ɗaya:
"Ɗigon sun yi yawa. Jikin ne?"

Mai da bik aljihu, Mushe,
shigo ka gaishe shi ...