Takarda da Tabo

Ina yaro a Rido, dare ba ya cika dare.
Harshen wutar matata na lasar sama,
a haskensa muke ƙirga kuɗin gyaɗar Inna,
kwabo-kwabo a bakin zane.
Hasken nan shi ne rabonmu.
Mai ya hau tanka, ya yi gabas, ya yi yamma,
mu ya bar mana wari a riga.

Baba a masaƙar Kakuri yake.
Ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo
ya dawo da rana tsaka,
ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba.
Da sati ya zagayo ya kai ni Panteka
ya danƙa wa Oga Jatau hannuna:
"Nama naka, ƙashi namu."

Shekara ashirin da shida ina ɗinkin ƙarfe.
Injin markaɗe, ƙyauren gida, murhun biki,
duk abin da aka ce ya mutu
a rumfata yake farfaɗowa.

Bara sai ga tireloli ta hanyar Abuja,
bututu a kansu, bakin kowanne zai haɗiye maraƙi.
Aka ce gas ne zai ratsa ƙarƙashin gonaki.
Na bi su da kallo, idon mai walda ba ya kuskure:
har kusoshi, har ƙafar da bututun zai zauna a kai,
daga ƙetaren teku aka yo su.
Ƙafa fa!
Ƙarfe huɗu, layin walda shida.
Yarona Dogara zai yi goma kafin la'asar.

Na sa rigar Juma'a na tafi ofishin ɗan kwangila.
Saurayi mai hular kwano ya ce,
"Baba, ina satifiket?"
Na shimfiɗa masa hannuwana a tebur,
tabon tartsatsi tun daga yatsa har gwiwa.
Ya duba, ya sunkuyar da kai.
"Kwamfuta ba ta karanta wannan."

Kwana uku ina fushi,
fushi kuwa bai taɓa biyan haya ba.
'Yata Kuluwa ce ta jawo benci,
ta tara masu rumfa bakwai a inuwar kwano:
suna ɗaya, hatimi ɗaya, asusu ɗaya.
Sai da aka yi wata guda ana gardamar suna.
Da furfurata na zauna jarrabawa,
aka haska ɗinkina da na'ura
kamar mai karaya a asibiti.
Ko ƙofar allura ba su samu ba.

Ƙafa arba'in suka ba mu.
Arba'in, cikin dubbai.
Dogara ya ce raini ne. Na ce kunna injin.

Ka ga tafiyar kuɗin arba'in nan:
Maman Yohanna ta ƙara tukunyar shinkafa,
Tela Barau ya ɗinka rigunan aiki sha biyu
har ya ɗauki yaro mai sa maɓalli,
Gambo mai kura ya canja taya,
ni na biya bashin kwano,
saura ya tafi makarantar auta.
Naira ɗaya ta kwana gida biyar
ba ta bar unguwa ba.

Kada ka ce an gama.
Janareta na cin rabin riba,
ga ni da jarka a layin mai,
a garin da aka haife ni da warinsa.
Ba roƙo na zo ba.
Kogin da ya ratsa gari
ya kamata ya san masu wanki a bakinsa.

A ƙafa ta arba'in, can ƙasa,
inda sufeto ba ya leƙawa,
na ɗauki sandar walda na rubuta: Panteka.
Sai da ya huce na shafa fenti.