Kunya

Na gina ɗan akwati, bai kai tafin hannu ba,
aikinsa ɗaya: ya faɗi kuɗin kwandon tumatir
yadda aka wayi gari da shi a Kwanar Gafan.
Fari na yi shi, rubutu baƙi, manya-manya,
don idon Baba ya daina ganin ƙanana.

Ran Laraba Nafi'u ya ɗauka
ya dasa shi a manhajar ƙungiyar manoma.
Kafin la'asar waya ta yi ƙara:
"Barira, baƙon naki ya hau mana gado.
Sunan shugaba ya kumbura kamar kabewa."
Na duba. Nawa ma bai tsira ba,
koren gidansu ya malalo cikinsa,
lambobina sun ƙanƙance kamar riɗi.

Ashe suna ne ya haɗa mu.
Layina na sama na raɗa masa "kai",
su ma nasu "kai" suke ce masa.
Tsaya a kasuwar Kura ka kira Sale,
ka ƙirga masu waiwayowa.

Caji ya ƙare, na fita.
Baba na lambu, taɓo har ƙauri,
yana tayar da ƙasa tsakaninsa da Tanimu.
Kwata ɗaya suke sha shekara ashirin,
amma abin da tumatir zai sha ya yi murna
shi zai ruɓar da albasa.
Bai ɗago ba ya ce,
"Ba gaba ba ce, 'yar nan.
Ruwa ne ba shi da kunya,
sai ka yi masa kunya."

Da dare, a shagon cajin Ɗanlami,
janareto na tari, sauro na karɓar haraji,
na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya
ina liƙa musu laƙabi, yadda ake yi wa buhu shaida:
Gafan-kai, Gafan-kuɗi, Gafan-rana.
Na kewaye akwatin da danga,
na bar kafa ɗaya tak, inda masu gida
za su miƙo launin baki, in sun so.
Sauran, kowa ya ci a kwanonsa.

Da safe Baba ya riƙe wayar nesa da fuska,
ya karanta, babu mai taya shi.
Ya yi tsaki, ya miƙo min, ya saɓi fartanya.
Akwatin ya gyaru.
Tumatir ne ya faɗi.