Layin Gawayi a Bangon Ejirin

A bangon ɗakinmu akwai layi huɗu na gawayi.
Tasalla ce ta ja su, ba ni ba.
Na ƙasa daidai idon sawu yake,
shekarar da muka sauka Ejirin da tabarma ɗaya da fartanya.
Na sama ya kai ƙirjin Barau
sa'ad da Barau bai fi shekara shida ba.
Yaron ya girma, ya wuce layin.
Ruwan ma, an ce, girma yake yi.

Ni mutumin Maigatari ne.
A can mukan fita da rana tsaka, mu juya riguna,
mu roƙi hadari ya tsaya a kanmu.
A nan hadari ba ya jiran gayyata.
Yakan taso daga teku da la'asar sakaliya,
ya kwana uku bisa kwanon ɗaki,
tafki ya cika ya rasa inda zai sa kansa,
sai ya tuna da kwamin alayyafona.

Iya Moriamo mai bandar kifi
ita ta koya mini karatun bakin ruwa.
Ta ce, in ƙaguwa ta bar rami ta hau dakali,
in kainuwa ta taru tana tafiya baya-baya,
in tafki ya koma kalar shayi da madara,
Malam, kada ka tsaya tambayar rediyo.

Don haka tun watan Mayu
Tasalla ta wanke bokitin fenti mai murfi.
Takardar haihuwar yara, katin asibiti,
rasit ɗin gonar haya da ya fara cin kansa,
ashana a leda, maganin hawan jinina,
hoton mahaifiyarta guda ɗaya tak,
duk suna ciki, a rataye a jikin azara.
Buhun gari ya hau bulo uku.
Ni na yashe kwata har bakin hanya,
na kwaso ledoji, da takalmin wani, da kan 'yar tsana.
Maƙwabci ya yi dariya, ya ce Legas zan share?
Na ce a'a, ƙofata.

An ce ɗaure dabbarka, sannan ka yi tawakkali.
Na ɗaure akuyar,
amma da zarge, wanda yaro zai warware cikin duhu.
Bara ta Oga Fatai a turke ta mutu,
igiyar na da kyau, ƙullin ya yi ƙarfi.

Kowa ya san aikinsa.
Barau ya saki akuya, ya riƙe tocila.
Tasalla ta goya Hajjo, ta sauke bokiti.
Ni in kashe wuta daga mita,
in ƙwanƙwasa wa tsohon nan makaho na ɗakin baya.
Mahaɗarmu makarantar firamare ta kan tudu,
aji na biyu daga hagu.
Lambar mai kwalekwale Barau ya haddace ta
kafin ya haddace sunayen watanni.

Jiya da dare aka tsuge.
Na zauna bakin gado, ƙafata ɗaya a ƙasa,
siminti zai faɗa mini kafin kowa.
Tasalla ta yi kamar tana barci,
amma na ji ta laluba zanin goyo.
Har aka kira assalatu ƙafata a bushe.

Da safe na ga ƙaguwa biyu a kan dakali.
Ban ce komai ba, na ƙara wa buhu bulo ɗaya.
Tasalla na hura wuta,
ta zaɓi gawayi mai tsawo daga murhu,
ta ɗora shi can bisa taga,
inda ruwa bai taɓa kaiwa ba tukuna.