Minti na Arba'in da Bakwai

A Setubal, ran Talata, ana yayyafi,
kakata Ermelinda ta yafa gyalen zuwa coci,
ta ce in raka ta silima.
Na ce, "Kaka, fim ɗin nan ya girmi uwata.
Baƙi da fari ne, awa biyu da rabi.
Wa ke da wannan lokacin yanzu?"
Ta ce, "Kai, tunda ba ka da aikin yi."

A bakin ƙofa an manna yabon masana,
wai ba a taɓa irinsa ba, ba kuma za a sake ba,
wai wanda bai gan shi ba bai san ƙasarsa ba.
Na ce a raina, in ganga ta cika zaƙi
saura kaɗan ta fashe.

Mu tara ne a zauren mutum ɗari uku.
Tiburcio mai yagar tikiti
ya fara gyangyaɗi tun ba a kashe fitila ba.

Fim ya fara, ya ƙi tafiya.
Wata mace ta bi bakin tashar jiragen ruwa
minti huɗu cur, ko uffan.
Na ƙirga. Sau biyu na leƙa waya a ƙarƙashin riga.
Sautin na cuwa kamar ana suyar kifi,
jarumin na zuba zance kamar mai huɗuba,
ya ɗauke matarsa da mari,
kiɗa ya tashi sai ka ce ya yi abin kirki.
Wannan kam ban yafe wa fim ɗin ba,
har gobe.

Sai minti na arba'in da bakwai.
An tashi daga masana'antar kifin gwangwani,
jama'a na kwarara ta ƙofa ɗaya.
Kaka ta damƙi hannuna, farcenta ya nutse.
"Ga shi can. Na hagu, mai hula a hannu."
Wani siririn saurayi ne a bayan taro,
ya waiwayo ya dubi kyamara,
abin da aka ja musu kunne a kai,
ya yi murmushi, ya wuce.
Daƙiƙa uku.

"Anacleto," ta ce. "Wana.
Ladansa kwanon miya da kuɗin taba.
Hunturu biyu bayan nan teku ya riƙe shi.
Ba mu da hotonsa ko ɗaya.
Sai wannan."

Daga nan na saki jarumi da surutunsa,
na koma kallon gefe-gefe.
Tsohuwa mai shanya a taga,
yaro da akwatin kifi a ka, ba takalmi,
kare mai ɗingishi da ya ratsa ba da izini ba,
lungun da yau ya zama shagon waya.
Mai fim ya jefa koma don babban kifi,
ta kwaso masa ƙananan da bai nema ba,
su ne har yanzu ke motsi a ciki.
Har matar nan mai tafiyar minti huɗu,
da ta dawo ta hanyar, na ji ƙafarta ta gaji,
ban ƙirga ba.

Da muka fito ruwa ya ɗauke.
Kaka ta gyara gyale, ta taɓe baki:
"Ƙarshensa ba daɗi. Tun can ban so shi ba."
Sau sha ɗaya ke nan tana kallonsa.

Waya ta yi ƙara, abokina Gualter ne:
"Ya cancanci kuɗin tikiti?"
Na rubuta a'a, na goge.
Na rubuta i, na goge.
Na rubuta, "Yana da tsawo, akwai takaici.
Ka tambayi kakarka ko tana da wani a ciki."

Kaka ta riga ta yi gaba, tana dogara laima,
wai sai na saya mata gasasshen kifi,
tunda na yi barci a farko.
Ban yi barci ba.
Tiburcio ne.